Masar da Ba a Ci

Mijina Lawali mai gyaran tele ne a Zongo, ni kuma Safiatou, masa nake toyawa a bakin layinmu, daura da shagonsa. Shekara talatin da huɗu ke nan da aurenmu. In ka tambaye ni halinsa ba zan ja ka da nisa ba: hannunsa akwai albarka, kansa kuma akwai tauri, kuma taurin ya fi yawa.

Daga Damagaram ya zo Yamai yana saurayi, da riga biyu da turnabis ɗaya, wato sukudireba. Bai taɓa zama a bencin lakwal, wato makarantar boko, ba. Wani tsoho ɗan Togo mai gyaran rediyo a bayan Babbar Kasuwa ne ya koya masa aiki, shi ya sa Faransancinsa duka na cikin rediyo ne. Ya san sunan kowane ɗan ƙarfe da ke ciki, amma ka ce ya tambayi hanya da shi, sai ya koma nuni da hannu. Ya gyara rediyo har aka daina yayinsa, ya koma tele mai baƙi da fari. Zamanin antan, wato eriya, kuwa, babu rufin kwanon da bai hau ba tsakanin Zongo da Kalley. Yana sama yana juya gora, masu gida suna ƙasa suna ihu, “Ya fito! A'a, ya tafi! Koma kaɗan!” Sau biyu yana faɗowa. Na biyun a kan akuyar mutane ya sauka, shi ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, akuyar ce ta yi wata guda tana ɗingishi. Da parabol ta zo, faifan nan mai kamo tashoshin waje, sati ɗaya ya yi ya iya ta. A wancan zamanin, in za a buga ƙwallo, har manyan ma'aikata kan aiko mota a ɗauke shi.

Sai abin ya juya. Tele ta zama falan-falan, in ta mutu ba a buɗe ta, sai dai a sayo wata. Shagon ya cika da tsofaffin tele masu doro waɗanda masu su suka manta da su. Lawali yakan buɗe da safe, ya yi shara, ya zauna yana goge turnabis ɗin da ba ta yi datti ba. Ina hango shi daga gaban tandata, kuma wallahi abin yana ci mini rai. Sai dai Lawali ba mutumin da za ka nuna wa ka ji tausayinsa ba ne, sai ya yi kwana uku bai yi maka magana ba.

Ga kuma maganar ido. Shekara uku ina lura da shi, in zai duba lamba a waya sai ya miƙe hannu har ƙarshe, ya ƙanƙance ido kamar mai leƙa rijiya. Ni ina da tabarau na tsintar shinkafa, ja ne, da ƴan furanni a hannuwansa. Na ce masa, “Baban Anisa, ka je a auna idon nan.” Ya ce tabarau na masu lakwal ne da tsofaffin mata, shi da idonsa ya haɗa rediyon da ya fi akwatin ashana ƙanƙanta. Na ce a wace shekara? Ya tashi ya bar mini wurin.

Ana nan sai ga kira daga Saga. Madam Halimatou ce, tsohuwar malamar lakwal, ƴar Tawa, wadda Lawali ya taɓa ɗaura wa antan lokacin tana zaune a Kalley. Da ta bar aiki ta gina gida a Saga kusa da gonakin shinkafa, ta yi garka a bayan gidan, zogale da salati da yakuwa. To wani abu yana cinye mata garkar kullum, har ta ɓata da maƙwabta biyu a kan zargin ƴaƴansu. Ɗanta da ke aiki a waje ya aiko mata da kwali: kamera huɗu, da akwatin da ke tara hotonsu, da naɗin waya. Ya ce ta nemo samarin Babbar Kasuwa su haɗa mata. Ita kuma ta ce sai Malam Lawali ya fara gwadawa.

Lawali bai taɓa riƙe kamera ba a rayuwarsa. Na tuna masa. Ya ce, “Hoto ne ko? Waya ce ke ɗauko shi ko? To an gama.” Ya wanke jakar kayansa da sabulu, abin da bai yi ba tun bikin Anisa. Ranar Litinin da zai tafi, na cika kwano da masa na ɗaure masa a bayan mobilet, ɗan babur ɗinsa, na ce ya kai wa Madam gaisuwa.

Abin da ya faru ran nan, rabi daga bakinsa na ji, sauran kuma, wato gaskiyar, daga bakin Madam daga baya. Ya kafa kamera ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a ƙofar kicin, ta huɗun a can ƙarshen garka. Ya jawo wayoyinsu duka zuwa akwatin, daga akwatin ya ja waya ɗaya zuwa bayan tele da ke salo, wato falo. Ya kunna. Tele ta yi shuɗi, ta tsaya a nan. Awa biyu yana zarewa yana mayarwa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Can Madam ta ɗauki komand, wato rimot, ta danna wani maɓalli, ashe tele ta zamani ƙofofi gare ta a baya, sai ka gaya mata ta wacce hoton zai shigo. Nan take allon ya rabu huɗu. Da ya dawo gida ya ce mini, “Ni na ce mata ta danna.”

Uku sun fito tas. Ta huɗun, ta garka, wadda saboda ita aka yi duk wannan hidima, ita ce ta ƙi. Yayyafi kawai take nunawa, fari da baƙi, ga wasu layuka suna hawa sama a hankali, in sun ƙare wasu su biyo.

Ranar Talata ya ce nisa ne, wuta tana isa can a gajiye. Ya ɗauke ɗan akwatin da ke ba kamerar wuta ya mayar da shi kusa da ita. Hoton ya ɗan farfaɗo, ana iya gane cewa akwai wani abu kore a wurin, sai dai ba za ka ce zogale ne ko tabarma ba. Ranar Laraba ya gano wayar hoton tana tafiya manne da wayar injin ban ruwa, ya raba su. Layukan suka ragu, yayyafin yana nan. Abin da ya fi ɗaure masa kai, da sassafe hoton yakan yi dama-dama, da hantsi ya ɗaga sai ya rikice.

Ran Larabar nan, bayan magariba, na ajiye masa tuwo ya zauna yana kallonsa. Sai ya ce, “Maman Anisa, na yi wa Madam rantsuwa. In Juma'a ta yi hoton garkar nan bai fito ba, ta kira samarin kasuwa. Ni kuma na rufe shago, mu koma Damagaram in kama noma.”

Ban ɗauke shi wasa ba, don na san wanda nake aure. Lawali ya taɓa rantsuwa a kan goro, saboda wani ya ce ba zai iya bari ba, yau shekara ashirin ko ɓarinsa bai sa a baki ba. Na ce, “Noma? Kai? Rabonka da hauya tun ba a haifi Anisa ba!” Ya ce hannu ba ya mantuwa. Na ce to jikokinmu da ke nan Yamai fa, da tandata, da mutanen da suke jirana kowace safiya? Ya ce a Damagaram ma ana cin masa. Abin da na kasa faɗa shi ne tsoro nake ji, don ranar da aka raba mutumin nan da turnabis ɗinsa ba zai daɗe ba, kuma ni na fi kowa sani.

Da safiyar Alhamis ina tsakar gida ina buga ƙullu, sai na jiyo shi a zaure yana waya, cike da murna.

“Madam, na gano! Masa ce. Masar nan ba ta da kyau tun farko, ita ta ɓata mana komai. Yanzu in na zo zan cire ta in yar.”

Ludayin ya tsaya a hannuna. Kafin in miƙe ya tada mobilet ya tafi.

Masata? Tabɗi! Shekara talatin ina toya masa a Zongo. Direbobi suna ajiye taksi a kan hanya su zo su bi layi. Akwai likitan da ke aikowa daga ƙetaren gada. Yau ni ce za a ce masata ba ta da kyau tun farko, kuma mijina ne zai faɗa, a gaban baƙuwa? Kuma tun Litinin suna ajiye da ita, ana nuna wa mutane ko? Shi ya kasa haɗa waya, sai ya ɗora wa kwanona? Ban tsaya na tambayi kaina yadda masa za ta hana hoto fitowa ba. Na ɗauka ta ɓata wa Madam ciki ne, ranta ya ɓaci, aikin ya tsaya. In raina ya ɓaci lissafina ba ya wuce haka.

Na hura wuta. Na toya masar da ban taɓa toya irinta ba, ƙullun shinkafa zalla, ya tashi yadda ake so, gefe ya yi ja, ciki ya yi laushi. Na ce wa masu jira yau babu. Na cika kwano biyu, na ja mayafi, na manta ko tabarau ban cire ba, na tare taksi sai Saga.

Na yi tambaya wajen wasu mata Zabarmawa da ke shanya shinkafa a bakin hanya, na yi musu fofo, gaisuwarsu, suka nuna mini gidan. Na yi sallama sau ɗaya na shiga. Madam Halimatou tana zaune a salo, doguwa, siririya, da irin kallon nan na malamai da ke sa babba ya gyara tsayuwa. Ni kuwa ran nan ko gwamna ne ba zan gyara ba. Na dire kwanonin a gabanta na buɗe.

Na ce, “Madam, ni ce matar Malam Lawali. Ga ta nan da zafinta. Ki ci a gabana, ki gaya mini abin da ke damunta.”

Ta dube ni, ta dubi kwanon. Ta ce, “Sannu da zuwa, Hajiya. Abin da ke damun wa?”

“Masar! Wadda aka ce ba ta da kyau tun farko, za a cire ta a yar!”

Ta ƙura mini ido kamar mai lissafi. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta rufe baki da gefen mayafi, abin ya ƙi, ta fashe da dariya har tana dukan hannun kujera. Ta ƙwala kira, “Malam Lawali! Zo da sauri, an zo karɓar wa masa haƙƙinta!”

Ya shigo da guntun waya a hannu, ya gan ni, ya ga kwanoni, bakinsa ya buɗe. Madam ta gaya masa tana share hawaye. Ya ce, “Innalillahi! Maman Anisa, wa ya yi maganar masarki?” Ya matso da wayar kusa da fuskata. A tsakiyarta akwai jan ƙarfe guda ɗaya, mai ɗan kauri, shi ke ɗauko hoto. A kewaye da shi kuma akwai wasu siraran zaruruwa a saƙe kamar kitso. Ya ce, “Wannan saƙar ita ce masa. Ita ke tsare hoto a hanya. In ta tsinke ko ba ta kama ba, sai yayyafi.” Madam ta ce da Faransanci “mas” ake cewa, bakin Malam ne ya ƙara mata wasali. Shi kuma ya ce haka ɗan Togo ya koya masa, shekara arba'in haka yake faɗa, ba wanda ya taɓa kawo masa kwano.

Na ce, “To duk sunayen duniya sun ƙare ne, sai nawa za ku ɗauka?” Kunya ta kama ni har kunnuwana suna zafi, amma ban nuna ba. Madam ta ce ta Litinin ma ko ɗaya ba ta kwana ba, ta sa hannu ta ɗauki biyu.

Tunda na riga na zo, na ce a nuna mini wannan masar da ta fi tawa daraja. Na bi shi bayan gida. Ina fita na tsaya. Wayar kamerar garka ta taso daga bangon kicin ta tafi har bishiyar mangwaro, a sama, a miƙe. A kanta kuwa zannuwa huɗu ne jiƙaƙƙu, da darduma, da labule, sun ja ta har ta yi ciki.

Na ce, “Baban Anisa, wannan fa?”

Ya ce, “Wanne?”

Kwana huɗu yana sunkuyawa ta ƙarƙashin shanyar nan, bai taɓa ganinta ba. Haka maza suke, shanya ba ta shiga idonsu. Madam ta biyo mu, na nuna mata. Ta kama haɓa. Ta ce ai ita ta ga sabuwar igiya ce mai ƙarfi, ta ma yi niyyar yi wa Malam godiya. Kullum da hantsi take shanya. Lawali ya dube ta, ya dubi sama, ya haɗiye abin da ya zo masa baki, don malama ce.

Muka kwashe kayan. A tsakiyar wayar akwai inda ya haɗa tsayi biyu ya naɗe da sikoci, wato salatef, nauyin shanya ya ja wurin har saƙar ta rabu. Ya sauko da ita, ya zauna a kan bokiti, ya yanke, ya feƙe, ya murɗa, ya naɗe. Madam ta koma salo tana ba da labari ta taga. “Ya tafi gaba ɗaya, Malam! Baƙi ƙirin!” Ya kwance ya sake. “Har yanzu baƙi!” Ya sake na uku. Na ga yatsunsa sun san hanya, amma yana riƙe da wayar can nesa da fuskarsa, yana ƙanƙance ido.

Na sunkuya a kansa. Da tabarau ɗina sai ga shi ƙarara: zare ɗaya daga cikin saƙar, ya fi gashi siranta, ya kauce ya naɗe jan ƙarfen tsakiya. Ban san aikin waya ba, amma na san abin da ba wurinsa yake ba, sana'ata ke nan kowace safiya a kan faifai. Na sa farce na zare shi. Lawali ya ce, “Na gan shi, ina zuwa kansa ne.” Na ce na sani.

Sai muka ji Madam, “Alhamdulillahi! Ku zo ku gani!”

Muka shiga. Ga garka a tele, kowane ganyen zogale da kansa, har bokitin da ya zauna a kai. Madam tana tafi daga kujerarta. Ni ma na sauke ajiyar zuciya, na ce Damagaram sai dai ziyara.

Lawali kuwa ya wuce mu. Ya je ya durƙusa a gaban tele yadda ya saba duba aikinsa, hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya daɗe. Ya goge allon da hannun riga, ya sake dubawa. Sai ya girgiza kai.

“Da saura. Akwai hazo.”

Madam ta ce, “Wane hazo, Malam? Ga shi nan garau.”

Ya ce, “Madam, kina da kirki, na gode. Amma ni ban taɓa miƙa wa mutum aiki da hazo in ce ya yi ba.” Ya jawo jakarsa, ya fara mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan turnabis ɗin nan ta Damagaram, ya riƙe ta kaɗan kafin ya sa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ba sai an jira Juma'a ba. Na yi iya abin da na sani.”

A nan na gane, kuma dariyar da ke bakina ta ɗauke. Mutumin nan zai rufe shagon shekara arba'in saboda hazon da ba a tele yake ba. Tausayinsa ya kama ni har idona ya cika. In na faɗa masa da baki zai musa, in Madam ta faɗa zai ji kunya. Sai na cire tabarau ɗina, na durƙusa kusa da shi, na maƙala masa a fuska ban nemi izini ba.

Ya ɗaga hannu zai cire, sai hannun ya tsaya a hanya. Ya dubi allon. Ya matsa, ya ja baya, ya sake matsawa. A hankali ya ce, “Ikon Allah. Har tururuwa.”

Muna cikin haka sai ga wani abu fari ya shigo hoton. Tunkiyar Madam ce, wadda take kira Direktiris, wato shugabar lakwal, saboda ƙasaitarta, wadda Madam ta rantse wa maƙwabta cewa ko kallon garka ba ta yi. Ta sa hanci ta ɗaga sakatar ƴar ƙofar, ta shiga ba gaggawa, ta fara da salati. Madam ta miƙe tsaye tana cewa, “Direktiris! Ke ce? Ni da na je har gidan mutane na yi musu faɗa!” Ta fita da takalmi ɗaya, muna kallonta a tele tana bin tunkiya tsakanin zogale.

Lawali ya juyo zai yi mini magana, da jan tabarau mai furanni a fuskarsa, sai ya tsaya yana kallona. Ya daɗe fiye da yadda ya daɗe a kan tele.

Ya ce, “Maman Anisa, yaushe kika yi furfura haka?”

Na ce, “Tun ranar da ka faɗo kan akuya.”

Ya ce, “Ban gani ba.” Ya sake cewa, a hankali, “Wallahi ban gani ba.” Sai ya buɗe jakar ya fito da turnabis ɗin, ya ce bari ya je ya ɗaga wayar nan sama inda ba mai rataya mata zani.

Shagon yana nan a buɗe. Madam ta gaya wa ƙawayenta tsofaffin malamai, yanzu gida shida ke nan ya haɗa wa kamera, kuma duk inda ya je sai ya fara tambayar ina igiyar shanya. Asibitin ido kuwa har yau bai je ba, ya ce shi ba ya sa tabarau, aro ne kawai ya yi. Aron nan ya shiga wata na biyar. Yana nan zaune a ƙofar shago da furanni a gefen kunnuwansa, ba wanda ya isa ya yi dariya.

Ni kuma da lalube nake tsintar shinkafa. In ka sayi masata kwanakin nan ka tauna tsakuwa, kada ka zo wurina. Ka tsallaka layi ka same shi, idona yana fuskarsa.